Muhawara: Kusanci ne ke kawo wa matattarar fasaha ilimin waje, ko kuwa sai an taka an ɗebo?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai tun lokacin da na fara koyar da darasin tattalin arzikin masana'antu, kuma ina so mu tattauna ta a tsanake. Duk wanda ya karanta labarin wuraren da kamfanonin fasaha suka yi cincirindo wuri guda, irin su Kwarin Silikon a Kalifoniya, ko Hsinchu a Taiwan, ko Shenzhen a ƙasar Sin, zai ga ana yawan jingina nasararsu ga kusanci. Tun a 1890 masanin tattalin arziki na Ingila, Alfred Marshall, ya lura cewa idan masu sana'a ɗaya suka zauna a gari ɗaya, sirrin sana'ar yakan daina zama sirri, ya zama kamar iskar da kowa ke shaƙa, har yara su tashi da shi ba tare da an zaunar da su an koya musu ba. Wannan ban musa ba, domin mu ma mun san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Inda na tsaya shi ne nan: idan kowa iska ɗaya yake shaƙa, to maƙwabcina abin da na sani shi ya sani. Sabon ilimi dole daga waje zai fito, daga wata jami'a ko wani kamfani da ke can wata nahiya. To ta yaya zama kusa da juna zai taimaka wajen samun abin da ke nesa? A zahiri ma ina ganin kamar ya kamata ya hana, tunda wanda ya ƙoshi da hirar gida ba ya neman ta waje. Ina neman fahimtarku.

Injiniya Hauwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Tambayar ta yi ma'ana, kuma ina ganin labarin Hsinchu da ka ambata shi kaɗai ya isa ya amsa rabinta, don haka bari in ɗan tsaya a kansa.

A 1973 gwamnatin Taiwan ta kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu da ake kira ITRI a yankin Hsinchu. A lokacin ƙasar ba ta iya ƙera ƙananan ƙwaƙwalen lantarki ba, waɗanda masu gyaran waya a nan suke kira aisi. A 1976 cibiyar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin RCA na Amurka, ta tura rukunin matasan injiniyoyi suka je suka zauna a masana'antun kamfanin, suka koyi aikin da hannunsu, tun daga zane har zuwa sarrafawa da gwaji. Da suka dawo ba a watsa su a ma'aikatu daban-daban ba. An tara su wuri guda, aka gina musu masana'antar gwaji wadda ta fara aiki a 1977. Daga cikinta kamfanin UMC mai ƙera aisi ya fito a 1980, shekarar da aka buɗe dandalin kimiyya na Hsinchu, a maƙwabtaka da manyan jami'o'i biyu, Tsing Hua da Chiao Tung. Sannan a 1985 Morris Chang, wanda ya shafe shekara 25 yana aiki a kamfanin Texas Instruments na Amurka, ya zo ya shugabanci ITRI, kuma a 1987 ya kafa TSMC, shi ma kamfanin ƙera aisi, tare da jari da fasahar kamfanin Philips na Holan.

Ka duba tsarin da kyau, Malam. Ilimin daga waje ya zo, kuma mutane ne suka taka suka ɗebo shi. Amma adadin waɗanda suka je ba shi da yawa ko kaɗan. Abin da ya mayar da ilimin mutum goma sha wani abu ya zama ilimin dubban mutane shi ne zamansu a gari ɗaya, inda wanda ya koya yau zai koyar gobe, kuma wanda ya bar wannan kamfani zai tsallaka titi ya shiga wancan da abin da ke kansa. Da an kai ɗaya birni kaza, ɗaya birni kaza, da kowa ya mutu da nasa.

Auwalu:
Salamu alaikum. Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ban yi karatun da su Malam suka yi ba, amma bayanin Anti Hauwa ya yi daidai da abin da muke gani kullum. Duk lokacin da sabuwar waya ta shigo da wata matsala da ba mu saba da ita ba, misali ta riƙa mutuwa bayan an canza mata sikirin, a mafi yawan lokuta mutum ɗaya ko biyu ne ke fara gano maganin. Ko dai ya gani a bidiyon wani mai gyara na Indiya ko na Biyetnam, ko kuma yana da wanda yake sayen kaya wurinsa a Sin ya turo masa zanen injin wayar. Kafin mako ya zagayo, duk layinmu an iya. Babu wanda ya buɗe aji. Kawai za ka kai masa aikin da ya gagare ka, ka tsaya a kansa yana yi, ka ga yadda ya saita zafin na'urar narkar da dalma da inda ya ɗora ta, shi ke nan ka ɗauka.

Wani abin da zai ba ku sha'awa, yawancin wayoyin Tecno da muke buɗewa, aisin da ke cikinsu na MediaTek ne, wanda muke kira MTK. Na ji an ce kamfanin ma a wannan gari na Hsinchu yake.

Injiniya Hauwa:
Haka ne, Auwalu. MediaTek a Hsinchu yake, daga cikin UMC ya ɓalle a 1997, kuma shugabansa Tsai Ming-kai yana cikin matasan da aka tura RCA. Ke nan abin da kake narkar wa dalma a Farm Centre jikan waccan tafiya ce ta 1976.

Dakta Bashir:
Ina da ja a kan wannan fahimta, tare da girmamawa ga Injiniya. Misalin 1976 misali ne na zamanin da babu intanet, lokacin da in kana son sanin yadda ake wani aiki dole ka hau jirgi. Yau maƙalun bincike suna kan intanet, manhajoji da yawa a buɗe suke kowa na iya karanta yadda aka rubuta su, darussan manyan jami'o'i kyauta ne. Auwalu da bakinsa ya ce a bidiyo ake fara ganin maganin matsala. To idan haka ne, yaron da ke zaune a Gumel ko Maraɗi da wayarsa da data, me ya rasa wanda na Farm Centre ya samu? Ina tsoron kada mu riƙa ɗaukaka kusanci saboda sabo, har gwamnatoci su ci gaba da kashe kuɗi suna gina dandalin fasaha, su kewaye fili su sa masa suna, alhali abin da ake bukata layin intanet ne mai ƙarfi da wutar lantarki.

Auwalu:
Dakta, ka yi haƙuri in amsa wannan, domin ni na yi zaman ƙauye kafin in zo birni, kuma ina da wayar da datar a lokacin. Bidiyon na nan, amma guda nawa ne? A kan matsala ɗaya za ka samu ashirin, goma sha biyar a ciki ko dai ƙarya ne ko kuma na wani samfurin waya ne mai kama da taka. Na taɓa ƙona injin wayar wani bawan Allah saboda na bi bidiyon da bai dace ba, na biya shi daga aljihuna. A kasuwa kuwa, kafin in taɓa sai in tambayi na kusa da ni, ya ce mini wannan na gwada bai yi ba, wancan ne ke yi. Mutum ɗari suna tace abin da ke shigowa, kowa da ɓangaren da ya fi ƙwarewa. Sannan akwai abin da bidiyo ba ya nunawa, kamar nauyin hannu, da ƙamshin da ke gaya maka zafi ya yi yawa tun kafin ido ya gani.

Malam Nasiru:
Madalla da wannan amsa, Auwalu, domin ka faɗi abin da masana suka daɗe suna kewayawa. Su sun raba ilimi gida biyu: wanda ake iya rubutawa a aika, da wanda ke maƙale a hannu da idon mai shi, ba ya tafiya sai mai shi ya tafi. Intanet ya sauƙaƙa na farko ƙwarai, amma na biyu har yanzu sai an haɗu.

Na koma na duba wasu rubuce-rubuce bayan na yi tambayar, kuma na ga matsalata ita ce na ɗauki kusanci a matsayin abu guda. Ron Boschma, wani masanin labarin ƙasa da tattalin arziki ɗan Holan, ya nuna a 2005 cewa kusanci iri biyar ne. Akwai na wuri, wanda muka fara da shi. Akwai na fahimta, wato ku kasance kuna da tushen ilimi ɗaya har in ɗaya ya yi magana ɗaya ya gane. Akwai na zumunci da amana, akwai na tsarin aiki kamar reshen kamfani da uwarsa, akwai kuma na dokoki da al'adu. Idan aka kalli abin ta nan, tambayata ta warware da kanta. Injiniyan Taiwan da ya yi digiri a Amurka ya yi aiki a Kwarin Silikon shekara goma, ko da ya koma gida, yana kusa da tsofaffin abokan aikinsa ta fuskar fahimta da amana, duk da tekun da ke tsakaninsu. Irin wannan kusancin ne ke jawo ilimin daga nesa, na wuri kuma ya raba shi a cikin gida. Har ƙungiya suka kafa a Kwarin Silikon a 1989, mai suna Monte Jade, domin haɗa injiniyoyin da ke can da masu kamfanoni da jami'an gwamnati na gida. AnnaLee Saxenian ta jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta bi diddigin waɗannan mutane, ta nuna cewa abin da ake kuka da shi da sunan zurarewar masu ilimi ya rikiɗe ya zama kai-komo, mutum ɗaya yana da ƙafa a nan da ƙafa a can.

Dakta Bashir:
Na karɓi wannan rarrabewa, kuma na yarda da batun tacewa da Auwalu ya kawo, ban yi tunaninsa ta wannan fuska ba. Amma Malam, kada ka yi saurin janye tsoronka na farko, domin yana da tushe. Ka ce wanda ya ƙoshi da hirar gida ba ya neman ta waje, kuma tarihi ya tabbatar da haka.

Ku dubi masu ƙera agogo na Suwizalan. Babu matattarar sana'a da ta kai su haɗin kai, garuruwa ne a jere cikin tsaunukan Jura, uba ya koya wa ɗa, wannan na yin ƙarfen juyawa wancan na yin fuska. Fasahar agogon batir mai aiki da dutsen kwaz ba ta ɓoye musu ba, hasali ma wata cibiyar bincike tasu a Neuchâtel ta ƙera samfurinsa a 1967. Amma kamfanin Seiko na Japan ne ya fara kai shi kasuwa a ƙarshen 1969, su kuwa suka ci gaba da kallon abin a matsayin wasan yara, saboda duk wanda za su tambaya ra'ayinsa irin nasu ne, kuma duk martabar garin a kan agogon da ake wanawa da hannu ta ginu. Daga 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1980 ma'aikatan wannan masana'anta sun ragu daga kusan 90,000 zuwa kusan 30,000. Ilimin ya shigo har cikin gida, mutum ɗarin da ke tacewa su ne suka tace shi suka zubar. Don haka matatar da Auwalu ya yaba, ita ce kuma ke iya toshewa.

Injiniya Hauwa:
Wannan misali ya zauna, Dakta, kuma ba ni da abin da zan ce in rushe shi. Abin da zan ƙara shi ne, ba yawan kusancin kaɗai ke kawo toshewa ba, har da yanayin ƙofofin da ke tsakanin kamfanonin. A Amurka kanta an ga haka. Yankin Boston, wanda ake kira da sunan babbar hanya mai lamba 128, yana da jami'o'in MIT da Harvard, a da yana da manyan kamfanonin kwamfuta irin su DEC da Wang, kuma a shekarun 1970 yana kafaɗa da kafaɗa da Kwarin Silikon. Amma kamfanoninsa kowanne ya rufe ƙofarsa, yana yin komai a cikin gida, ma'aikaci kuma yakan daɗe a wuri ɗaya. A Kalifoniya kuwa doka ba ta amincewa da sharaɗin da ke hana ma'aikaci komawa wurin abokin gasa, don haka mutane suna ta sauya sheƙa. Tun 1957 aka kafa wannan al'ada, lokacin da injiniyoyi takwas suka bar kamfanin William Shockley suka kafa nasu mai suna Fairchild, daga Fairchild kuma biyu daga cikinsu suka fita suka kafa Intel a 1968. Da ƙaramar kwamfutar tebur ta zo, Kwarin Silikon ya juya da sauri, yankin Boston ya kasa. Kamfanoni na iya zama katanga ɗaya amma in ma'aikatansu ba sa cuɗanya, daidai suke da waɗanda ke garuruwa daban-daban.

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda an zo batun masu kai-komo, ina da abin faɗi, domin na yi shekaru ina zuwa Gwanzu da Shenzhen saro kayan waya. Abin da na lura shi ne mu 'yan kasuwa muna zuwa har bakin rijiyar, amma kaya kawai muke ɗebowa. Na sha shiga kasuwar Huaqiangbei, inda za ka ga bene a kan bene na masu sayar da kayan lantarki, mai zane yana sama, mai sassan yana ƙasa, masana'antar kuma tafiyar sa'a ɗaya ko biyu a mota. Ina gani da idona, amma ban san me zan tambaya ba, saboda ban karanci fannin ba. Wannan shi ne kusancin fahimta da Malam ya ambata, kuma shi ne ba ni da shi. Ga amana akwai, domin akwai waɗanda ke ba ni kaya bashi, amma amana ba ta fassara mini abin da injiniyansu ke faɗi.

Abin da ya sa nake ganin gyara na yiwuwa shi ne labarin Nnewi a jihar Anambra. Su ma da 'yan kasuwar kayan gyaran mota ne masu saro kaya daga Taiwan. A shekarun 1980, da shigo da kaya ya yi wuya saboda ƙarancin kuɗin waje, wasunsu suka koma wurin waɗanda suke saro wa kaya suka sayo injinan ƙira, suka zo da ƙwararrun Taiwan suka kafa musu, suka tura yaransu can koyon aiki. Da yake duk 'yan gari ɗaya ne kuma sun saba da tsarin yaron shago da ubangida, abin ya bazu a tsakaninsu. Innocent Chukwuma, mai kamfanin motoci na Innoson, daga cinikin kayan babur ya faro a wannan gari. Hanyar da suka bi wajen sayen kaya, ita suka mayar hanyar ɗebo ilimi.

Malam Nasiru:
Hajiya, kin kawo abin da ya fi duk abin da na karanta amfani. Akwai masana uku, Bathelt da Malmberg da Maskell, da suka siffanta lamarin a 2004 da cewa matattara tana bukatar abu biyu, hayaniyar cikin gida da kuma bututun da ke haɗa ta da duniya. Suka ƙara da cewa hayaniyar kyauta ake samunta, zama a wurin kawai ya isa, amma bututun sai an kashe kuɗi da lokaci an gina shi da gangan. Bayaninki ya nuna mini cewa ko an gina bututun, sai an sa wanda zai gane abin da ke fitowa a bakinsa.

Yaba a Legas ma ta bi wannan sawu. Akwai jami'ar Legas da kwalejin fasaha ta Yaba tun da daɗewa, sai cibiyar masu ƙirƙirar fasaha ta CcHub ta buɗe a 2011, aka ja wa unguwar layin intanet mai sauri na MainOne a 2013. Amma abin da ya ɗaga ta shi ne alaƙa da waje. Waɗanda suka kafa Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Legas, sun shiga shirin horar da sababbin kamfanoni na Y Combinator a Amurka a 2016, shekarar da Mark Zuckerberg mai Facebook ya ziyarci Yaba, kuma a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan fiye da dala miliyan 200. Abin da suka koyo game da yadda ake magana da masu zuba jari da yadda ake tsara kamfani bai tsaya a kansu ba, ya bazu ga na kusa da su.

Dakta Bashir:
To a nan mun haɗu. Jayayyata da ma da masu gina katanga ce su kira ta dandalin fasaha. Taiwan ta kafa cibiyar bincike a 1973, ta tura mutane a 1976, sai a 1980 ta buɗe dandalin. Mutanen suka riga ginin da shekaru. Mu kuma sau da yawa ginin muke fara yi, sannan mu zauna jiran mutanen. Sai dai har yanzu ina da sauran damuwa a kan batun Suwizalan, domin ban ga wanda ya faɗi yadda matattara za ta gane ta fara toshewa tun kafin kasuwa ta gaya mata ba. Auwalu, a wurinku idan yaro ya zo da wata hanya da ta saɓa wa ta manya, ana sauraronsa?

Auwalu:
Gaskiya Dakta, ba kullum ba. Lokacin da wasu matasa suka fara sayen madubin ƙara girma suna gyaran aisi maimakon canza injin gaba ɗaya, da yawa daga cikin manyanmu sun ce ɓata lokaci ne, kuma wanda ya koya mini aiki yana cikinsu. Abin da ya sauya ra'ayinsu shi ne masu waya sun fara wuce shagunansu suna tafiya inda gyaran ya fi sauƙin kuɗi. An ɗauki kusan shekara biyu kafin ubangidana ya aike ni in koyo, kuma wurin yaron da ya girme wa da shekara ashirin ya tura ni.

Hajiya, ina da roƙo. Idan Allah ya kai mu tafiyarki ta gaba, ko za ki yarda mu haɗa kuɗi a layinmu mu sa mutum ɗaya ya bi ki? Akwai wani yaro a wurinmu da ya yi difloma a fannin lantarki, yana karanta zanen injin waya kamar wasiƙa, shi zai san abin da zai tambaya.

Hajiya Rabi:
Na yarda, Auwalu, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ya shirya zama na aƙalla wata ɗaya, domin mako guda ba ya isa a saba da mutum har ya bar ka ka tsaya a kan teburin aikinsa. Na biyu, ku rubuta tambayoyinku tun daga nan, kowa ya kawo matsalar da ta fi gagararsa, a ba shi a takarda. Batun biza yana ɗaukar lokaci kuma sai da takardar gayyata daga can, don haka ka turo mini sunansa ta akwatin sirri a wannan makon in fara magana da wanda nake saro wa sikirin, in ji ko zai karɓe shi a shagonsa.